Yadda Uwa Za Ta Ci Moriyar Barcin Ranar Ɗanta

Duk macen da ke rainon yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ta san shirun nan da ke sauka a tsakar gida idan barcin rana ya ɗauke shi. Tun asuba yana riƙe da gefen zaninki. Ya buɗe randa, ya kori kaji, ya tsoma hannu a garin da kika tankaɗe, sai ga shi ya yi laƙwas a bayanki. A nan ne da yawanmu muke yin asara. Muna zabura mu kama aiki biyar lokaci guda, ga shara, ga wanke-wanke, ga wanki, ga tukunya a kan murhu, kafin mu kai ko'ina sai mu jiyo kukansa daga ɗaki. Aikin bai ƙare ba, jikin bai huta ba, ga la'asar ta ƙarato.

Yarana huɗu, a wani ƙauye na ƙasar Ringim na raine su, sana'ata kuma awara. Sai a kan na ukun na gane abin da zan gaya miki, 'yar uwa. Barcin yaro da rana gajere ne, saboda haka aikin da ba ya yiwuwa idan yana farke, shi kaɗai ake ba wannan lokacin. In kika zauna kika lissafa, irin waɗannan ayyuka ba su da yawa: aikin wuta da tafasasshen mai, wanka, sallah cikin natsuwa, sai kwanciyarki ke kanki. Sauran duk ana yin su yana goye ko yana wasa a gefe.

Ki fara da mako guda na lura

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da kwana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana a ciki. Idan ya yi awa goma ko sha ɗaya da daddare, abin da ya rage wa rana bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba, wani yaron ya ɗan ɗara. Yawancinsu kafin su kai shekara ɗaya da rabi suna barin barci biyu, na hantsi da na yamma, su koma guda ɗaya a tsakiyar rana.

Ki ɗauki kwana bakwai kina kallon naki. Yaushe yake fara hamma, yaushe ya kwanta, yaushe ya tashi? Akwai agogo a wayarki. In babu caji, inuwar katanga ta ishe ki, ko dawowar 'yan firamare, ko kiran Azahar. Idan makon ya cika, ki yi lissafi da barcin da ya fi gajarta. Yaron da ya yi awa biyu sau uku, awa ɗaya da kwata sau huɗu, to lokacinki awa ɗaya da kwata ne. Ranar da ya ƙara, kin samu gyara.

A makon nan ne za ki koyi alamunsa. Wani murza ido yake yi, wani jan kunne, wani sai ya riƙa tuntuɓe da abin da bai kai a yi tuntuɓe da shi ba, wani kuma ya zo ya ɗafe bayanki yana neman goyo. Autana in ya fara jifa da duk abin da aka miƙa masa, na san saura kaɗan. Da kin ga alamar, ki ajiye abin da ke hannunki. In kika ce bari ki ƙarasa wanke kwano uku, gajiyar za ta wuce masa gona da iri ta koma rigima, yaron da ya yi kukan gajiya kuwa ya fi wuyar kwanciya, kuma ba ya daɗewa yake farkawa.

Shirin da ake yi tun yana farke

Da sanyin safiya ake kama fara. Rabin moriyar barcin rana tun hantsi ake samunta.

Na farko, ki bar shi ya gaji. Yaron da ya wuni a goye tun safe ba abin da zai sa shi dogon barci. Ki sauke shi ya yi ta tafiya a tsakar gida, ya bi yayyensa, ya cika ƙoƙo da ƙasa ya zubar. Ki dai tabbata an rufe rijiya da bakin masai, kuma babu bokitin ruwa a buɗe.

Na biyu, ki ciyar da shi kafin barcin ya zo. Yunwa ce ke yanke barcin yara da yawa ba tare da uwa ta gane ba. Kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya yana riƙe ciki, haka fate, ko wake da shinkafa da aka dafa lugub, ko ɗumamen tuwo da miya. In bai kai yaye ba, nono ya biyo bayan abincin. Shayi mai ganye da lemon kwalba ki kawar da su a wannan lokacin, don suna hana ido rufuwa. Ki ba shi ruwa, ki tsugunar da shi ya yi fitsari, in da zafi ki watsa masa ruwa a jiki.

Na uku, kuma nan ne mata suka fi sakaci, ki jera kayan aikin da za ki yi tun kafin ya kwanta. Itace ko kara a gefen murhu, ashana a inda hannu zai kai, ruwa a tukunya, ruwan wanka a makewayi da murfi a kai. Minti goman da za ki ɓata kina neman ashana ko kina aika yaro aron kasko a maƙwabta, daga cikin ɗan lokacinki aka cire shi.

Bari in ba ki misali da awara, tunda ita na fi sani. Ina jiƙa waken suya da daddare. Da safe a kai inji a markaɗo. Tata kuwa da hantsi nake yi yana zaune kusa da ni, don ruwan sanyi ne, iyakar ɓarnarsa ya jiƙa riga. Ruwan tsami yana ajiye, ƙyallen tata a wanke, dutsen danne ta yana nan. Abin da ya rage sai tafasawa da suya, su biyun nan kuma su ne masu haɗari. Mai ƙuli-ƙuli ma haka za ta raba nata: ɓarar gyaɗa da murzawa da mulmulawa ana yinsu yaro na gefe, in dai an hana shi cusa gyaɗar a baki, domin ƙwayar gyaɗa na iya shaƙe ɗan yaro. Matsar mai da ruwan zafi da suya, su ne na lokacin barci. Ki duba taki sana'ar ki raba ta gida biyu haka nan, na sanyi da na zafi.

Shara, wanke-wanke, tsintar shinkafa, gyaran zoɓo, saƙar faifai, ɗinkin hula, ba wanda ya cancanci a kashe masa barcin yaro. Ki miƙa masa guntun tsintsiya ya yi ta sharar tasa, ko murfin kwano da cokali.

Daka kuma tana da nata sirrin. Surfe ko dakan fura da yaro a goye shi ne rarrashin da ya fi kowanne aiki, kakanninmu sun san haka. Jijjigar jiki da bugun taɓarya a jere suna sa shi gyangyaɗi. Don haka ki ajiye daka ta zama aikinki na ƙarshe kafin barcinsa, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sauke shi daga baya

Ga inda ake yawan faɗuwa. Kin ji ya yi shiru, kin kwance majanyi, bayansa na taɓa tabarma sai ya buɗe ido. Barcin farko marar nauyi ne. Ki ba shi kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin a bayanki. Ki kai hannu ki ɗaga nasa hannun ki saki: in ya faɗi yaraf, barcin ya yi nauyi. In ya ja shi ko ya dunƙule yatsu, da saura.

Ki durƙusa a bakin shimfiɗar kafin ki kwance. Ki zamo da shi ta gefe tare da zanin goyon, kada ki zare zanin, ɗuminsa da ƙanshin jikinki suna ciki. Ki bar tafin hannunki a bayansa kina ɗan bubbugawa har numfashinsa ya daidaita, sannan ki janye a hankali. Wanda ya haura shekara yana juyawa yadda ya so. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa rigingine ake kwantar da shi, kada a yi masa rub-da-ciki, kada a tara masa filo da tsummoki kusa da fuska.

Wurin kwanciya ya danganta da lokacin shekara. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano da Jigawa yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma da tsakar rana tanderu ne. Kada ki kwantar da yaro a ciki ki ja ƙyaure. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi sanyi, ko rumfa, ko gindin darbejiya in akwai a cikin gida. Ki yayyafa ruwa a ƙasa kafin ki shimfiɗa tabarma, ki bar shi da 'yar shimi. Ki tuna inuwa tafiya take yi, inda ke da sanyi da sha biyu rana na iya cimmasa da ƙarfe ɗaya da rabi. Da damina ki kakkaɓe shimfiɗa ki duba ƙarƙashinta saboda kunama da cinnaka. Ki sakar masa gidan sauro ko da rana ce, don ɗaki mai duhu ba ya rasa sauro, kuma yana kare shi daga ƙudaje, waɗanda su ne suka fi tashin yaro. Da hunturu a rufe shi da mayafi, amma kada a shigar masa da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mai barci kuma ba ya jin shigarta.

Tabarma ko katifa a ƙasa ta fi gado mai tsawo, saboda ranar da zai farka ba ki kusa. Ki kore kaji da awaki daga wajen. Kuma ki riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya gwargwadon hali, yaro na saurin sabo, bayan mako biyu za ki ga da kansa yana nufar tabarmar.

Kada ki wahalar da kanki wajen hana gida motsi. Sautin da ke tafiya a jere, irin na rediyo ƙasa-ƙasa ko lugude daga maƙwabta, ba ya tashin yaro. Abin da ke firgita shi ƙarar ba-zata ce: kwano ya faɗi, a banko ƙyaure, ko yara su shigo a guje da ihu. Ki tare 'yan makaranta tun daga zaure. Maigida ma in ya dawo daga gona ya nufi yaron da wasa, ki ce masa, "Malam, don Allah a bar shi ya tashi da kansa, yanzu na samu ya kwanta." Yawancin maza ba su san wahalar da aka sha kafin ya kwanta ba sai an faɗa musu.

Ranar girki: wuta ce farko

Ranar da girki ke hannunki, ko ranar sana'a, da kin janye hannu daga bayansa ki wuce madafi kai tsaye. Kada ki tsaya kwashe shanya, kada ki duba waya. Dalili shi ne ba ki san ko yau zai yanke barcin ba, kuma gara ya farka ya tarar da tsakar gida ba shara da ya tarar da mai yana tafasa.

Wannan ba da ka na koye shi ba. Ɗana na biyu yana da shekara biyu ba wata biyu, na kwantar da shi na tsaya wanke-wanke da shara, sai can na ɗora mai. Ya farka bai yi kuka ba. Na ba ƙofar ɗaki baya ina tsame awara, ban ji tahowarsa ba sai da ya rungumo ni ta baya, hannuna ya bugi kaskon, mai ya fallatsa a ƙafarsa. Mata suka taru, wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce man goge baki, na shafa duk abin da aka miƙo mini. A asibitin sha-ka-tafi ma'aikaciyar ta wanke shi tas, ta gaya mini abin da ban taɓa mantawa ba: ƙuna ruwa mai sanyi mai tsabta ake ta kwarara mata kamar minti 20, ba ƙwai, ba gishiri, ba manja, ba man goge baki, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta a kawo yaro. Tabon na nan a ƙafarsa har yau, kuma duk sanda na gani sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar na sauya abu uku. Ina zama ta yadda fuskata ke kallon inda yake kwance. Ina kwantar da turmi a ƙofar madafi ya zama shinge. Sannan na ɗaura gwangwanaye biyu a jikin asabarin ƙofar ɗaki, da ya taɓa zan ji. Ki yi irin naki da abin da kike da shi. Idan kuma ya farka ba ki gama suya ba, taura biyu ba ta taunuwa: ko ki sauke kaskon ki kai shi inda hannu ba ya kaiwa, ko ki miƙa yaron ga babba. Ni Inna nake kira, uwar maigidana, in ce, "Inna, ga mutuminki ya tashi, a riƙe mini shi in sauke mai." Suya da yaro a goye ma ban yarda da ita ba, don yana leƙowa ta gefe ya miƙa hannu, ga hayaƙin itace da yake shaƙa.

Kowane aikin wuta yana da wurin jira. A awara, bayan na zuba ruwan tsami ta haɗe, na juye a ƙyalle na ɗaure na danne da dutse, sai ta ɗauki lokaci tana tsanewa. A girki, bayan kin yi rude kin rufe, ko wake yana kan wuta. Wannan jiran shi ne na alwala da sallah. In lokacin Azahar ya shiga, ki ja itacen baya ki yi sallarki a natse, ki zauna ki yi tasbihi ba mai hawa bayanki. In kuma ya farka kina tsakiyar sallah ya zo ya ɗafe ki, kada ranki ya ɓaci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Wanka ma a nan yake shiga, minti biyar zuwa goma, bayan kin tabbata wuta ta lafa kuma wani na jin motsin yaron.

Akwai wani aikin da shi ma sai yana barci: taɓa magani mai guba. Zuba wa wake maganin ƙwari, ajiye maganin ɓera, ɗura kananzir ko fetur. Ki yi, ki ɗaga sama, ki wanke hannu da sabulu. Kada ki taɓa zuba kananzir ko fiya-fiya a robar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya bambancewa.

Ranar da ba girki: ki kwanta

Mai abokiyar zama tana da kwana biyun da girki ba nata ba ne. Wadda take ita kaɗai sai ta zaɓi kwana biyu ko uku a mako, ta dafa abincin rana tun da hantsi yaron na hannun wani. A waɗannan ranaku tsarin juyawa yake yi: in ya kwanta, ki yi sallah in lokaci ya yi, ki kwanta kusa da shi.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Kada uwar miji ta leƙo ta gan ki a miƙe, kada faccala ta ce raguwa ce. Amma ki lissafa. Kin tashi kafin asuba, kin tashi sau biyu ko uku cikin dare saboda nono ko fitsari, ƙila ga wani cikin kina ɗauke da shi. Macen da ba ta samu barci ba ita ce ke dukan yaro a kan abin da bai kai ba, ita ce wuƙa ke yanka, ita ce jiri ke ɗiba a bakin murhu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙailula kuma ba baƙon abu ba ce a addininmu. A Suratun Nur, aya ta 58, Allah ya ambaci tsakar rana, lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, cikin lokuta ukun da ake neman izini kafin a shigo wa mutum. Sahabbai sun ba da labarin cewa ranar Juma'a sai bayan sallah suke ƙailula da cin abinci, wanda ke nuna abu ne da suka saba. In maigida na miƙewa a zaure bayan Azahar ba mai cewa komai, ke da kika riga shi tashi kin fi shi buƙata.

Minti ashirin zuwa talatin sun isa. In ya zarce haka da yawa, jiki kan tashi da nauyi. Ko barcin bai zo ba, ki miƙe bayanki, ki ɗora ƙafafu a kan filo ki rufe ido. Mai tsohon ciki ta kwanta ta gefe. Ki kwanta ta wajen ƙofa yaron na ciki, yadda ba zai fita ba sai ya tsallake ki.

Waya kuwa, ki sa ta nesa kafin ki kwanta. Ba ina hana ki gaisawa da 'yan uwa a WhatsApp ko sauraron karatu ba ne, amma na ga yadda "bari in duba saƙo ɗaya" ke cinye awa guda cur, ki tashi ido na zafi, ba barci ba aiki. Gaisuwa da hira ana yinsu yaro na wasa a gabanki.

In kin tashi da sauran lokaci, ga ƙananan abubuwan da ke son kai a natse. Lissafin ciniki da na adashe, wa ya biya wa ya ci bashi. Haddar da malamar Islamiyya ta ba ki. Yanke wa yaron farce, wanda in yana farke sai an yi kokawa. Ki duba kansa da bayan kunnensa da tsakanin yatsunsa ko akwai ƙuraje. Ki ɗauko katin rigakafinsa ki ga ranar komawa, don allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yinta, kuma ita ce iyaye suka fi mantawa tunda yaro ya riga ya fara tafiya.

Abu biyu da ba a yi

Kada ki ba yaro magani don ya yi barci. Na san ana yi, musamman ranar biki ko ranar da aiki ya yi yawa, a aika kemis a sayo maganin mura ko na tari a ɗura masa. Irin waɗannan magunguna na iya danne numfashin ƙaramin yaro, kuma barcin da suke sawa ba hutu ba ne. Maganin tari mai kodin ma tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Haka jiƙe-jiƙen da ba ki san abin da ke ciki ba.

Kada kuma ki fita ki bar shi shi kaɗai, ko da zuwa famfo ne ko shiga maƙwabta. Ɗan shekara biyu na nitsewa a ruwan da bai wuce rabin bokiti ba, da ka yake faɗawa, kuma ba ya iya ihu. Yayarsa 'yar shekara biyar ko shida ba mai tsaro ba ce, ita ma wasa zai ɗauke mata hankali. In fita ta zama dole, ki damƙa shi ga babba baki da baki: "Yaya, zan je in dawo, ga shi nan a rumfa, amanarki." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gobe ke ma ki riƙe mata nata. Masu zuwa gona da goyo lokacin shuka ko girbi, a share gindin bishiyar sosai kafin a shimfiɗa zani, a nisanta shi da buhun taki da inda aka yi feshi, kuma a yi aiki a kunyar da ido ke kaiwa gare shi.

Barcin da ba na lafiya ba

Ranar da yaro ya zarce yadda ya saba, kada murna ta hana ki leƙawa. Ki taɓa wuyansa da cikinsa. In jikin da zafi, ko numfashi na fita da sauri, ko kin tashe shi ya kasa buɗe ido sosai ya koma ya langaɓe, wannan ba gajiya ba ce. Yaron da ke wuyar tashi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, asibiti ake nufa da shi a take, ba a jiran dawowar maigida daga kasuwa. Da damina da farkon kaka zazzaɓin cizon sauro ne ya fi kawo haka, shi ya sa in masu bi gida-gida suka kawo maganin rigakafinsa na wata-wata, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, ki karɓa, kuma ki cika masa na kwana biyun da suke bar miki.

Tashi

Kada ki bari barcin ya kai shi bayan la'asar. Mutanenmu dama ba sa son barcin wannan lokacin, kuma yaron da ya tashi ƙarfe biyar ba zai kwanta da wuri ba, ke ce za ki biya da daddare. In La'asar ta gabato yana kwance, ki ɗaga labule haske ya shiga, ki yaye mayafin, ki shafa bayansa kina kiransa a hankali. Ki ɗauke shi ki rungume na ɗan lokaci kafin komai, ki ba shi ruwa, ki tsugunar da shi, sannan ɗan abin taɓawa. Minti biyar ɗin nan na rage rigimar yamma sosai.

Akwai ranakun da zai ƙi kwanciya sam, ranar suna ko biki, ranar da haƙori ke fitowa, ko makon yaye. Ki gwada kamar rabin awa, in ya ƙi ki ƙyale shi, ki ɗage aikin mai zuwa lokacin da wani zai riƙe shi, ki kwantar da shi da wuri bayan Magariba. Tsakanin shekara uku zuwa biyar kuma barcin ranar zai fara ɗaukewa, yau ya yi gobe bai yi ba. Kada ki janye tabarmar. Ki ci gaba da shimfiɗa ta a wuri ɗaya bayan abincin rana, ki ajiye masa wasu kayan wasa da ba ya ganinsu sai a wannan lokacin, 'yan ƙoƙuna, murafen roba manya da ba sa shiga baki, motar kara da yayansa ya ƙera masa. Ki ce masa ya zauna nan har a kira sallah, ke kuma ki miƙe a gefensa, ta wajen ƙofa.